Jawabi Bisa Tsare Ran Mai Kashe Gobara

Wanda aka yi gaban Sarki da 'yan majalisa, da hakimai, da dagatai, da dattawan da suka yi aikin En'e a ƙasar Haɗejiya

Kun sani tun gyaran mulkin ƙananan hukumomi na 1976 sunan En'e ya fita daga takardun hukuma. Amma aikinta bai fita daga ƙasa ba. Har yau in wuta ta tashi a unguwa, mai unguwa ake fara bugun ƙofarsa, shi kuma ya aika wa dagaci, dagaci ya aika wa hakimi. Saboda haka na ga ya kamata a wannan taro na tunawa in yi magana bisa mutumin da ba mu cika tunawa da shi ba sai ran da muke bukatarsa, watau ɗan kwana-kwana, mai kashe gobara, da yadda za a yi ya shiga aikinsa ya fito da ransa.

Dattawan da ke nan sun san gobarar dā. Da hunturu ya kama, iska ta bushe kome, sai mai shela ya bi gari yana faɗakarwa a kashe wuta kafin a kwanta. In kuwa ta kuɓuce ta kama jinka, sai a yi kururuwa, maza su fito da tuluna da ƙwarya da ɗanyen ganye, waɗansu su kwashe jinkar ɗakunan da ke maƙwabtaka, waɗansu su kayar da zana da danga don wutar ta rasa abin ci. Gobara ce mai sauri, tana cinye unguwa kafin a farga, amma daga waje ake yaƙinta, a fili, kowa yana ganin kowa. Ba safai mai taimako yake shiga cikinta ba, gama ɗakin ciyawa ba ya barin abin da za a shiga nema.

Yau kuwa al'amari ya sake. An yi gine-ginen bulo da siminti, da rufin kwano da silin, da benaye, da tagogi masu ƙarafan tsare ɓarayi. Cikin ɗakuna an tara katifun soso, da kujerun soso, da ledoji, da kayan roba. A madafa ga tukunyar gas, a zaure ga janareta da jarkar fetur, bisa rufi ga farantin sola. An yi gwaji a Amurka, aka shirya ɗakuna biyu, ɗaya da kayan dā na katako da auduga, ɗaya da kayan zamani, aka sa musu wuta. Na kayan dā ya yi kusan rabin sa'a kafin wuta ta game shi duka, na kayan zamani kuwa bai kai minti 5 ba. To, irin wannan ɗaki muke tura ɗan mutum ya shiga da mesa a hannu.

Ƙasashen da suka daɗe da wannan aiki, bayan sun binne ma'aikatansu da yawa, sun tsaya bisa wani ma'auni mai hawa uku, wanda shugaban ayarin kashe gobara yake aunawa da shi kafin ya ce a shiga. Hawa na fari, in akwai mutum a ciki, kuma alama ta nuna ana iya samunsa da rai, to, a nan ma'aikaci yakan sa ransa cikin hatsari mai girma, amma da shiri da lissafi. Hawa na biyu, in babu rai a ciki sai dukiya wadda ake iya ceto, to, hatsari kaɗan za a ɗauka, ba a wuce shi. Hawa na uku, in wuta ta riga ta cinye wurin, babu rai babu dukiyar da ta saura, to, ba a ɗaukar hatsari ko na ƙwayar zarra. A tsaya waje, a jiƙa gidajen maƙwabta, a hana ta ƙetarewa. Wannan ma'auni shi ne kan maganata duka. Yana da sauƙin faɗi a zaure, amma yana da wuyar riƙewa tsakar dare, sa'ad da mai kanti yake kuka yana nuna ƙofa, jama'a kuwa suna ihu suna cewa a shiga.

Bari in bayyana abubuwan da ke kashe mai kashe gobara, domin wanda bai san su ba yakan ɗauki taka-tsantsan tsoro ne.

Na fari hayaƙi, shi ne kuwa ya fi harshen wuta kisa. Cikinsa akwai wata iska mai guba, ba ta da launi, ba ta da wari, irin wadda ke kashe mutanen da suka kwana da janareta ko kaskon gawayi cikin ɗaki rufe. Soso da roba kuma in suna ci, sukan ƙara wata guba a kai. Tsumma mai ruwa a hanci yana tare toka, amma ba ya tare guba. Abin da ke tare ta shi ne tulun iska da ma'aikaci yake goyawa, da abin rufe fuska. Tulun da aka rubuta masa rabin sa'a kuwa, mutumin da ke jan mesa yana haki yakan shanye shi kafin minti 20. Saboda haka wanda ba shi da tulu ba shi da izinin shiga hayaƙi, wanda yake da shi kuma tilas a riƙe masa lokaci daga waje.

Na biyu tashin wuta gaba ɗaya. In ɗaki yana ci, zafi da hayaƙi sukan taru a sama ƙarƙashin silin. Da zafin nan ya kai wajen digiri 600, watau ninki shida na tafasasshen ruwa a ma'auni, sai duk abin da ke ɗakin ya kama lokaci guda, har wanda wuta ba ta taɓa ba. Babu rigar da ke tsirar da mutum daga wannan. Har wa yau, ɗakin da ke rufe, wuta ta cinye iskarsa ta lafa, in wani mai son taimako ya zo ya ɓalle ƙofa ko ya fasa taga, sai iska ta faɗa ciki, wutar ta yi tsalle ta fito ta inda aka buɗe. Don haka ne ba a buɗe ƙofar kantin da ke hayaƙi sai ruwa ya zo bakin mesa.

Na uku rushewar gini, a nan kuwa ƙasarmu tana da nata hali dabam. Soron ƙasa azara ke ɗauke da shi, nauyin ƙasar da ke kanta kuwa kowane magini ya san shi. In wuta ta ci azara daga ƙasa, soro yakan faɗo ba sallama. Bangon ƙasa kuma ruwan da ake kashe wutar da shi ne yake jiƙa gindinsa har ya zube. Mu da muke zaune a kwarin kogi mun ga yadda ambaliyar 2022 ta kwanta a garuruwa, a Auyo da Kafin Hausa da Kiri Kasamma da Guri da wasunsu. Bango da yawa da ya tsaya bayan ruwa ya janye, an yaɓe shi an shafe, amma gindinsa ya riga ya ciwu. Ginin zamani ma bai kuɓuta ba, gama ƙarfe in ya kai wajen digiri 600 yakan rasa rabin ƙarfinsa ya lanƙwashe. Ku tuna kuma ruwa yana da nauyi. Duro 5 na ruwa tan guda ne. In aka yi ta zuba shi bisa bene, ko bisa buhunan shinkafa da riɗi da auduga, kayan su sha su kumbura, to, an ɗora wa gini mai rauni kayan da ba a gina shi dominsa ba. Ƙa'ida ita ce a ja da baya daga bangon da ake shakkarsa tsawonsa ɗaya da rabi. Bango mai ƙafa 20, kada mutum ko mota su tsaya kusa da ƙafa 30.

Na huɗu fashewa. Tukunyar gas in wuta ta daɗe tana lasarta takan fashe, ta watsa ƙarfe nesa. Fetur ya fi ruwa sauƙi, in aka zuba masa ruwa sai ya hau kansa ya bi kwata yana ci, ya kai wuta inda ba ta je ba. Rumbunan taki da maganin feshi, waɗanda suka yawaita tun da noman rani ya bunƙasa a fadamunmu, hayaƙinsu guba ne. Sai lantarki: wayar da ta faɗi ƙasa cikin ruwa ba a sanin tana da wuta ko babu ta wurin duba, farantin sola kuwa muddin rana tana dukansa yana ba da wuta ko an kashe ta gidan.

Na biyar jikin ma'aikacin kansa. A Amurka, inda ake rubuta lissafin waɗannan mace-mace kowace shekara, an ga kusan rabin masu kashe gobarar da ke mutuwa a bakin aiki zuciya ce ke tsaya musu, saboda wahala da zafi. To, ina ga namu, wanda zai sa riga mai kauri da kwalkwali cikin watan Afrilu, sa'ad da zafin Haɗejiya ke wuce digiri 40 a inuwa? Tilas a riƙa sauya shi, a zaunar da shi, a ba shi ruwa ya sha, ko da yana cewa bai gaji ba.

Masu iya magana sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Ga labari uku daga nesa.

A watan Disamba na 1999, a wani gari na Amurka da ake kira Wusta, wuta ta kama wani tsohon gidan ajiyar kayan sanyi wanda aka daɗe da barinsa, ba shi da tagogi, cikinsa kuwa lungu-lungu. Aka gaya wa masu kashe gobara wataƙila akwai mutum biyu marasa gida da ke kwana ciki. Suka shiga nema. Biyu suka ɓace cikin hayaƙi, iskarsu ta ƙare, huɗu kuma cikin waɗanda suka bi sawunsu ba su fito ba. Mutum 6 suka mutu. Ashe waɗanda ake nema sun riga sun fice tun kafin mota ta iso. Da ba don shugabansu ya tsaya a bakin ƙofa ya hana sauran shiga ba, da lissafin ya fi haka.

A watan Janairu na 2017, a Tehran ta ƙasar Iran, wuta ta kama wani bene mai hawa 17 cike da kantuna da ɗakunan ɗinki. Masu kantuna suka riƙa kutsawa don kwashe kayansu, 'yan kallo suka cika titi. Bayan sa'o'i kaɗan benen ya rufto duka, masu kashe gobara 16 suka mutu ƙarƙashinsa.

A watan Agusta na 2020 kuma, a tashar jiragen ruwa ta Beirut, aka kira ayarin mutum 10 zuwa gobarar wani rumbu. Ba wanda ya gaya musu cewa cikin rumbun akwai wajen tan 2,750 na wani gishirin da ake yin taki da nakiya da shi, wanda ya yi shekaru a ajiye. Ya fashe, babu ko ɗaya cikinsu da ya koma gida.

Ku duba, ranku ya daɗe, cikin ukun nan ba a rasa jaruntaka ba, ba a kuma rasa motoci da kayan aiki ba. Abin da aka rasa shi ne labari na gaskiya a kan lokaci, da tsare taron jama'a, da sanin abin da ke cikin gini. Waɗannan uku kuwa ba a sayensu da kuɗin Baitulmali. A hannunku suke.

Mu ma mun ɗanɗana namu. Daren 15 ga Oktoba 2024, a Majiya ta ƙasar Taura, bisa hanyar nan da muke bi zuwa Kano, tankar fetur ta faɗi, jama'a suka taru, wuta ta tashi, fiye da mutum 200 suka rasu, aka kawo waɗansu masu ƙuna asibitin Haɗejiya. Ba gobarar gini ba ce, amma ta nuna mana abin da taro yake zama kusa da abin da ke kama wuta. Allah ya jiƙansu.

Abin da ke kan shugaban ayari sananne ne ga masu aikin, amma ya kamata ku ma ku san shi don ku gane in kun ga yana yinsa. Da isowarsa zai zaga ginin duka kafin ya ba da umarni, gama abin da ake gani ta gaba ba shi ne na baya ba. Ba zai sa kowa ciki ba sai ya tabbata ruwa ba zai yanke ba. Ba mai shiga shi kaɗai. Biyu suke shiga tare su fito tare, waɗansu biyu kuma suna tsaye a waje da shirinsu don ceton na cikin. Zai rubuta sunan duk wanda ya shiga da lokacin shigarsa, ya soke sunan in ya fito. Zai sa alama guda ta janyewa, ko usur ko ƙahon mota, wadda duk wanda ya ji ta zai saki abin da ke hannunsa ya fito. Kuma zai riƙa sake auna al'amarin lokaci lokaci, domin ginin da ya halatta a shiga da ƙarfe biyu yana iya haramta da biyu da kwata.

Yanzu ga abin da ke kanku.

Da fari, kowane mai unguwa ya san unguwarsa tun wuta ba ta tashi ba, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Yadda malaman haraji na dā suke riƙe da littafin gidaje, haka ya kamata a riƙe littafin wuraren hatsari: inda ake sayar da gas, inda ake ajiye fetur a jarkoki, injinan casar shinkafa da tarin ɓuntunsu, rumfunan bandar kifi, rumbunan taki, kangwayen da ba kowa ciki, da gidajen da ruwa ya taɓa kwanciya a gindinsu. Hakimi ya tattara, a kai wa ofishin kashe gobara, a gayyace su su zo su gani da idonsu da rana tsaka.

Na biyu, in mota ta iso, mai unguwa ya zama mutum na fari da zai tarye ta, tare da mai gidan. Tun kafin nan ya tara mutanen gidan wuri ɗaya ya ƙidaya su, yara da manya da baƙi da almajiran da ke kwana a zaure. Sa'an nan ya faɗi abin da ya tabbata, ya ce ya tabbata, abin da ji ya yi kuwa ya ce ji ya yi. Kada wani ya ce akwai yaro a ciki don kawai a gaggauta ceton kayansa. Wanda ya yi haka, aka mutu saboda maganarsa, alhakin yana wuyansa. Kada kuma a ɓoye jarkar fetur don tsoron hukuma.

Na uku, a tsare jama'a nesa. Wannan aikin 'yan doka da dogarai ne tun dā, yau kuwa dagaci da 'yan sanda da 'yan banga su haɗa hannu. A buɗe lungu, a kawar da babura da tebura, kada a taka mesa, kada a bar mai kanti ya koma ciki. Wanda ya ɗaga hannu zai jefi motar don ta makara, a riƙe hannunsa, gama mutanen da ke cikinta ba su suka auna nisan hanya ba. Ƙasar nan ƙananan hukumomi 8 ce, daga Birniwa har Kafin Hausa tafiya ce mai nisa. A aika kuma da sauri ga ma'aikatan lantarki su yanke wutar unguwar.

Na huɗu, ruwa. An ce gobara daga kogi maganinta sai Allah, amma mu tamu ba daga kogi take tashi ba, kusa da kogi take tashi, ta tarar ba mu shirya ba. Kogin yakan cika a Agusta da Satumba, lokacin da gobara ba ta da yawa, sa'an nan ya ja baya da rani, lokacin da take yawa. Kacalla ta toshe bakin ruwa wurare da dama, gaɓa kuwa taɓo ce, mota mai nauyi takan kafe. Kowace gunduma ta zaɓi mashigi ɗaya ko biyu, a sare kacalla, a zuba tsakuwa, a kuma san rijiyoyin burtsatse da tankuna da kududdufan da ba su ƙafewa. Ma'aikacin da ruwa ya yanke masa yana tsakiyar ɗaki ya fi kowa kusa da mutuwa.

Na biyar, shi ne mafi nauyi gare mu masu rawani da masu muƙami. A bakin gobara shugaba ɗaya ne, shi ne shugaban ayarin, ko da yaro ne sa'an ɗanka. In ya ce ba za a shiga ba, to, kada hakimi ko attajiri ko babban ma'aikaci ya ce a shiga. Ku tsaya kusa da shi jama'a su gani, ku maimaita maganarsa da bakinku. Yaro mai albashi kaɗan ba zai iya yi wa babban mutum musu gaban taro ba, zai shiga ne don kunya, kunyar nan kuwa ita za ta kashe shi. Gobe kuma kada a ji ana yi masa gori a kasuwa ana cewa ya ji tsoro.

Na san wani zai ce, ashe sai a tsaya ana kallo dukiyar talaka tana ƙonewa, abin da ya tara shekara ashirin? Maganar tana da nauyi, ban raina ta ba. Wanda ya ga abin da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta yi a 2016, inda dubban rumfuna suka zama toka a dare ɗaya, ya san asarar dukiya tana karya mutum. Amma janyewa daga ɗaki ba barin aiki ba ne. Ruwan da za a ɓata a kan rumfar da ta riga ta tafi, shi ne zai ceci goma da ke bayanta. Sa'an nan a ran da ma'aikaci ɗaya ya faɗi a ciki, dukan ayarin sukan bar wuta su koma nemansa, wutar kuwa ta samu sarari ta ci abin da ba za ta ci ba. Mai kanti kuma, 'yan'uwa da abokan ciniki da masarauta suna iya haɗa masa jari ya sake tsayawa. Matar ɗan kwana-kwana da marayunsa fa, me za a haɗa musu?

Iyayenmu da muke tunawa yau sun bar mana al'ada guda mai kyau, ita ce rubuta abu da bin sawunsa har a ga ƙarshensa. Ina roƙo kafin hunturu mai zuwa ya kama, kowane hakimi ya kawo wa majalisa littafin wuraren hatsari na ƙasarsa, da sunan mashigin ruwan da ya gyara, a karanta su gaban Sarki.